Wayar Fanka

Ya ɗaura wayar jan ƙarfen tsakanin maƙalai biyu, siririya kamar zaren ɗinki, ya rufe tukunyar gwajin, ya cika ta da iskar gas, ya danna maɓalli. Ƙara ɗaya, tas. Wutar lantarkin da aka tara ta ratsa wayar gaba ɗaya, ba ta ba ta damar narkewa ba, sai ta zama tururi, tururin ya huce ya sauka baƙin gari. Shekara goma sha ɗaya ke nan aikinsa: ya fasa waya, ya kwashe gari. Kowa a wannan sashe na jami'a Injiniya yake ce masa, ko da yake takardar sakandare ce kawai gare shi.

Ɗalibar da ke neman digiri na uku tana bakin tebur da cikinta na wata bakwai, tana gyara shafin godiya. Gobe za ta miƙa kundinta.

"Injiniya, na sa sunanka bayan na maigidana."

"Ki mayar da shi bayan na Farfesa, a zauna lafiya."

Kundin duka a kan gwaji na arba'in ya tsaya. Ranar ce garin ya fito da ƙwayoyin da na'urar duba ƙananan abubuwa ba ta taɓa nuna masu ƙanƙantarsu ba, kuma ba su dunƙule ba. Farfesa, mai duba aikinta, ya ce matsin iskar da ke cikin tukunyar ne ya jawo haka. Ita kuma ta rubuta babi biyu a kan matsin iska.

Injiniya kaɗai ya san cewa ranar tatacciyar wayar da ake odarta ta ƙare, sito a kulle, mai makulli ya tafi jana'iza. Sai ya kwance wata matacciyar fanka ya warware wayar cikinta, bai ko kankare shafen da ke jikinta ba. Tun daga nan ya maimaita gwajin sau tara da wayar kirki. Wannan ne na goma. Ya duba a na'ura: a dunƙule, kamar kullum. Shafen nan ne ke ƙonewa ya lulluɓe kowace ƙwaya, ya hana ta manne wa 'yar'uwarta.

In ya yi shiru, ba wanda zai mutu. Za ta zama dakta kafin ta haihu. Sai dai wani bawan Allah a wani ɗakin gwaji zai ƙare shekarunsa yana murɗa matsin iska, yana zargin hannunsa.

"Ƙanwata. Wayar gwaji na arba'in."

"Me ta yi?"

"Ta fanka ce."

"Wace fanka?"

"Ta ofishin Farfesa. Wadda ta mutu."

Ya yi mata bayanin shafen, da gwaji goman. Ta saurara, hannu a kan ciki.

"Babi biyu," ta ce.

"Da rabin na biyar. Na karanta."

"Ka bari sai jibi ka faɗa mini mana."

"Wata guda ke nan ina barin sa sai jibi."

Ta rufe kwamfutar, ta miƙe da ƙyar tana dafe da ƙugu. Ya ɗauka ofishin Farfesa za ta, har ya fara tunanin abin da zai ce wa iyalinsa. Bango ta nufa, ta kashe fankar da ke juyawa a samansu. Suka tsaya suna kallon ta har ta daina motsi.

"Ɗauko tsani, mu kwance wannan ma. Wannan karon ina tsaye, kuma sai na auna kaurin shafen kafin ka fasa wayar."

"Goben fa?"

"Ba ni da abin miƙawa gobe. Hau, zan riƙe maka."