Gilashi Marar Amo

A gidanmu ba a wasa da gilashi. Maigidana a masana'antar kwalabe yake aiki, a bakin tanderun da ake huce da kwalba a hankali bayan ta fito daga wuta. Rigar aikinsa sai na kakkaɓe ta a waje kafin ta shiga wanki, saboda ɓurɓushin da ke maƙalewa a aljihu. Bayan hannunsa kuwa duk ƙananan tabo ne farare. Yana da wata ɗabi'a: duk abin gilashin da ya shigo gidan sai ya ƙwanƙwasa shi da zobensa ya kasa kunne. In ya yi amo siriri mai ɗan tsawo, lafiya. In ya yi tauri kamar an buga katako, to akwai tsaga a ɓoye, sai kwandon shara. Haka na rasa kofuna biyu na kayan aurena, ina kallo.

'Yarmu ɗaya, muna ce mata Guguwa, don ba ta san tafiya ba sai gudu. Gwiwoyinta ba sa rabuwa da ciwo. Malamarsu ce ta fara lura tana karkatar da kai in za ta kalli allo. Likitar ido ta duba ta, ta yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye: idon hagu rago ne, ƙwaƙwalwa ta fara yin watsi da shi. In aka sa mata gilashi yanzu tun tana ƙarama zai farfaɗo, in aka yi jinkiri kuma, ko da kuɗin duniya ba zai dawo ba. Ta ce ta sa shi daga tashi har kwanciya, har wajen wasa.

Har wajen wasa. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai.

Ranar da na karɓo tabarau ɗin, ɗan ƙarami mai jan firam, maigida na dawowa ya ɗauka ya ƙwanƙwasa da zobe. Ƙwas. Ya sake a ɗaya idon. Ƙwas. Ya ajiye shi a kan tebur a hankali kamar mai ajiye kunama.

"Wannan ba zai hau fuskar 'yata ba," ya ce. "Duka biyun a tsage suke ta ciki."

Na ce masa ni ban ga tsaga ba. Ya ce ai wadda ake gani ba ita ce ke yanka mutum ba. Ban yi musu ba, don ni nake cire masa tsinin gilashi daga yatsa da hantsaki. Na sa tabarau ɗin a saman kabad. Washegari kuma na ga Guguwa ta rufe idon dama da tafin hannu tana neman ƙofar ɗaki da lalube, wai wasa take. In na sa mata, ina tsoron faɗuwa ɗaya ta tsiyaye idon. In na hana, idon na mutuwa a gabana.

Na ce wa maigida ba zan koma shagon tabarau ba, mai sayarwa ba zai kushe kayansa ba. Ya kai ni wurin wanda aikinsa fasa gilashi ne. Ya ce to sai Injiniya. Muka ɗauki Guguwa muka tafi masana'antar.

Injiniya ita ce shugabar ɗakin bincike na masana'antar, mace mai furfura a gaban goshi. Ɗakinta cike yake da kwalabe da aka yanka gida biyu, da wata fitila da in aka sa gilashi a gabanta sai launuka su fito inda yake da rauni. A kusurwa akwai dogon bututu a tsaye. Ta saurari maigida har ya gama, har da sake ƙwanƙwasawa don ta ji da kunnenta. Na ga tana danne dariya.

"Mai zobe, kunnenka bai yi ƙarya ba," ta ce. "Ɗora shi a leɓenka."

Ya ɗora. Ta miƙa masa gindin kwalba, ya ɗora shi ma. Kwalbar sanyi, tabarau ɗin kuwa ɗumi. Sai ta ce masa:

"Sunan kawai ya ara. Ba gilashi ba ne, wata irin roba ce mai tauri, irin ta tabarau ɗin kariya da nake fama da ku ku riƙa sawa kuna rataye shi a wuya."

Ta bayyana mini cewa yara ba a cika yi musu na gilashin gaske ba, kuma wannan robar in ta sha bugu lanƙwasawa take ta dawo, shi ya sa ba ta amo. Sai ta ɗauko wani tsohon tabarau ɗin kariya ta sa a ƙarƙashin bututun, ta sako ƙwallon ƙarfe daga sama. Ƙwallon ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin tebur, Guguwa ta bi shi da gudu.

Na ce, "Ranki ya daɗe, wannan naki ne. Nata nake so a gwada."

Maigida ya taka mini ƙafa. Injiniya ba ta ji haushi ba. Ta ce da ma'aikatanta suna da irin taurin kaina da ta huta. Ta manna siririyar leda a kan idon tabarau ɗin don kada ya karce, ta daidaita shi, sannan ta sa mini ƙwallon a tafin hannu.

"Ke za ki saki, ƙanwata. In zai fashe, gara ya fashe a nan."

Na saki. Ƙwas. Na ɗauko na ɗaga shi ga haske, na juya, na shafa da babban yatsa. Ko alama. Na sa aka juya ɗaya idon, na sake. Ban san hawaye na zuba ba sai da ta miƙo mini hankici. Na yi ta godiya har na rasa kalma, ita kuma sai gargaɗi take yi mini: kada in goge shi da gefen zane, kada ruwan zafi ya taɓa shi, don abin da ƙarfe bai fasa ba ƙura na iya karce shi.

A nan ɗakin na durƙusa na sa wa Guguwa. Ta tsaya cak, abin da ban saba gani ba. Ta kalli fitila, ta kalli furfurar Injiniya, sannan ta kama hannun babanta ta kawo shi kusa da fuskarta, tana bin farin tabon da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, wa ya yi maka rubutu a hannu?"

Injiniya ce ta amsa, ta ce gilashi ne ya rubuta masa wasiƙa, har yau bai karanta ba.

Yanzu idon hagun ya fara kamawa, in ji likita. Jiya Guguwa ta faɗi a tsakar gida da fuska, ta tashi da ƙasa a baki, tabarau na nan daram. Babanta ya cire shi ya duba, na ga zoben ya nufi wajen, sai ya fasa. Ya ɗora shi a leɓe, ya mayar mata, ta kwasa da gudu.