Gyaran Gwaggo Batulu

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Lahadi aka bugo wa Kabir waya, aka ce maniyyatan da suka rage su kasance a sansanin alhazai na Kaduna kafin goma, jirgin ƙarshe ne, wanda bai zo ba sai baɗi. Mahaifinsa kuwa, Malam Bahago baduku, shekararsa saba'in da huɗu, idon dama ya riga ya tafi, na hagun ma lallaɓa shi ake yi. Kowa a unguwarsu ta Kusfa ya san tsohon nan ba shi da wata baɗi. In bana ta wuce shi, to Ka'aba sai dai a ba shi labari.

Jaka dama tana ɗaure tun mako biyu da suka wuce. Kafin minti goma an zaunar da tsohon a kujerar gaban motar Kabir, mata sun cika soro suna koke-koken ban kwana, maza sun tsaya a lungu suna miƙo saƙon addu'a. Kabir ya shiga da farar shaddarsa da ya ajiye domin wannan rana, ya yi bisimilla ya murza makulli.

Ƙas.

Ya sake murzawa. Fitilun gaban direba suka yi walƙiya suka mutu, motar ta yi tsit kamar ba a taɓa hawanta ba. Shi kuwa Kabir ma'aikacin ofishin filaye ne, ya san taswira ya san fayil, amma abin da ke ƙarƙashin bonet bai fi sanin inda ake zuba ruwa ba. Motar irin mai canza giya da kanta ce, ba a tura ta ta tashi. Ga ta kuma ta toshe lungun, motar maƙwabci ɗaya tak da za a iya arowa tana can bayanta a maƙale. Makanikinsa na Tudun Wada ya kashe waya.

Asalin ɓarnar kuwa tun jiya aka yi ta. An tara malamai bayan la'asar don addu'ar tafiya, babu wuta, sai Ashiru tela, maƙwabcinsu, ya ce ai taron Malam bai kamata a yi shi ba lasifika ba. Ya cire batirin motar aka jona wa lasifikar, aka sha karatu har unguwar gaba tana ji. Da aka tashi ya mayar, ya ɗaure iya ƙarfin yatsunsa, ya buga da dutse. Yanzu ma shi ne ya fara nannaɗe hannun riga, ya ce a buɗe bonet, ya sunkuya yana neman dutsen jiya.

"Ashiru, ajiye dutsen nan."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, daga bayan ƙyauren gidan da ke kallon nasu. Gwaggo Batulu ce, ƙanwar Malam Bahago. Kwana hamsin ke nan da rasuwar mijinta, Malam Zulkiflu mai gyaran wutar mota, tana cikin takaba, ko dokin ƙofa ba ta tsallakawa. Tun asuba ta aiko da ban kwananta, kowa ya ɗauka tana can cikin ɗaki.

"Kabiru," in ji ta, "kama zoben da ke riƙe da kan batir, na jar waya. Yana juyawa?"

Kabir ya kama. Zoben ya juya a hannunsa kamar murfin kwalba.

"Yana juyawa, Gwaggo."

"Akwai farin gari a jikinsa?"

"Akwai, har da kore-kore."

"Dubi inda notin ya bi. Leɓunan zoben biyu sun haɗu, ko da sauran fili?"

Ya duba. Sun haɗu tsam, ko takarda ba za ta shiga ba.

"To ko ka kwana kana ɗaurewa ba zai kama ba. Dutse ya buɗe shi. Ka sa tsinken ashana tsakanin zoben da kan batir, ka gaya mini ko yana shiga."

Aka miƙo ashana. Tsinken ya shiga, amma da ƙyar. Ya gaya mata, ta ce ya jira, suka ji tafiyarta ta yi cikin gida. Ashiru ya saki dutsen a bayansa a hankali, yana kallon sama kamar mai duban hadari. Kabir ya dubi agogo, takwas saura biyar. Ya leƙa ta gilashi, mahaifinsa yana zaune da carbi, bakinsa yana motsi, ko alamar damuwa babu a fuskarsa. Daga cikin gidan Gwaggo aka fara jin bugun guduma a kan ƙarfe, sau shida ko bakwai, sannan ƙarar almakashi.

Ƙyauren ya buɗe kaɗan, hannu ya turo faranti. A kai akwai spana lamba goma, da tsohon buroshin haƙori, da kofin ruwan zafi mai duhu, da wani ɗan siririn jan ƙarfe da aka lanƙwasa kamar rabin zobe.

"Ruwan kanwa ne," in ji ta. "Baƙar waya za ka fara kwancewa, ka kawar da ita gefe, kada spana ta haɗa wuta ta ƙona ka. Sannan ja."

Kabir ya yi yadda aka ce. Da ya tsiyaya ruwan kanwar a kan farin garin, sai wurin ya ɗauki kumfa yana tsuwwa, dattijan da ke tsaye suka ja da baya suna salati. Kanwar nan dai da ake jefawa a wake. Ya goge da buroshi har dalmar kan batirin ta fito fes, ya tsane da gefen hankicinsa, shaddar kuwa tuni ta daina zama fara.

"Yanzu ka rungumar wa kan batir jan ƙarfen, ka ɗora zoben a kai."

Ya ɗora. Abin ya zauna daidai, bai yi tsawo ba, bai yi kauri ba, kai ka ce da ma'auni aka yanke shi, alhali matar nan ba ta ga batirin ba, tsinken ashana kawai aka kwatanta mata daga bayan ƙofa. Ya ɗaure notin, ya ji yana kamawa, yana ƙara tauri.

"Da ka ji ya tsaya, ka tsaya. Ba kokawa ba ce. Mayar da baƙar, ka ɗaure, ka girgiza su duka biyun."

Ko motsi ba su yi ba. Ya zagaya ya zauna, ya murza makulli, mota ta amsa da bugu ɗaya. Kabbara ta tashi a lungun Kusfa har tattabarun kan soro suka watse. Kabir ya leƙo zai yi godiya, ya tarar ƙyauren ya rufe.

Sai da suka fita ganuwa suka miƙi hanyar Kaduna sannan ya iya magana.

"Baba, ashe Gwaggo ta tsinci abin hannun marigayi."

Tsohon ya yi ɗan murmushi. "Tsinta? Shekara goma sha ɗaya hannun Zulkiflu yana karkarwa, ko kofin shayi sai an riƙe masa. Ba ka lura cewa ba ya gyara a waje ba? Sai ya kwance abu ya ce bari ya shiga ciki ya duba a natse. Duk aikin da ya fito daga gidan nan tun lokacin, hannun Batulu ne. Shi ya koya mata, ta zo ta fi shi, shi da bakinsa ya gaya mini. Ta ce muddin yana numfashi kada wanda ya ji, don kada a daina kiransa Malam Zulkiflu mai wuta."

Kabir ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Sau uku yana kai motarsa gidan, sau uku yana yabon hannun marigayi a gaban Gwaggo, ita kuwa tana miƙo masa fura tana cewa ai baiwa ce Allah ya yi masa. Kunya ta kama shi, da wani irin kwarjini nata da bai taɓa ji ba. Matar da ya sani da tuwo da kitson jikoki, ashe rabin motocin cikin birni a hannunta suka tashi.

Goma saura kwata suka shiga sansanin. Ana cikin kiran suna, layi ya kusa ƙarewa. Da aka ambaci nasa, Malam Bahago ya amsa da wata murya da Kabir ya yi shekaru bai ji ta ba, ya karɓi jakarsa da kansa, ya taka matakalar bas ɗin da zai kai su filin jirgi ba tare da an riƙe shi ba. Kabir ya tsaya har bas ɗin ya fita, sannan ya ciro waya ya kira Gwaggo. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Ya shiga?"

"Ya shiga, Gwaggo."

Sai ya ji numfashinta ya karye, tana kuka a hankali.

"Yayana guda ɗaya zai tafi ɗakin Allah," in ji ta, "ban raka shi ko bakin ƙofa ba."

Kabir ya share fuska da hannun rigarsa mai baƙin mai.

"Gwaggo," ya ce, "ai ke kika kai shi."