Murfin Teburin Pak Darmaji

Idan ka shafa wa sabon katako launin tsufa don hankalin wani dattijo ya kwanta, yaudararsa ka yi ko tausaya masa? Mako uku ina juya wannan tambaya a rumfar aikina da ke bayan garin Jepara, har yau ban sami amsarta ba.

Maƙwabcina Pak Darmaji yana da teburi na itacen jati, wanda marigayiya matarsa ta yi shekara arba'in tana ɗinki da guga a kansa. Da 'yarsa Lastri ta dawo daga Semarang don ta zauna da shi, a kan teburin ta ɗora kwamfutarta. Wayoyi suka bi ƙasa, har ɗaya ta harɗe ƙafar tsohon ya faɗi. Lastri ta ce ko a huda teburin wayoyin su bi ta ciki, ko ta kai shi ɗakin ajiya ta kawo na ƙarfe.

"Ba mai huda mini teburi," in ji shi.

"Pak, in an huda, zan yi wa wurin zobe da murfi na katako," na ce. "In an rufe, ba za ka gane wurin ba."

"Kasmuri, kai da ko makarantar kafinta ba ka shiga ba? To, kawo murfin in gani. In idona ya raba shi da teburin, magana ta ƙare."

Na yi zaton dabara ta zo mini. Na shiga ƙarƙashin teburin na yanko guntu daga wani katakon tokare da ba ya ɗauke da nauyi. Itace ɗaya ne, ai dole su yi kama. Amma da na sassaƙe shi, sai cikinsa ya fito fari-fari kamar ɗanyen rogo. Ashe launin zumar nan a fata kawai yake, rana da hannu ne suka sa shi.

Matata Warsini, da ke kirana Kang, wato yaya, ta leƙo ta kwashe da dariya.

"Kang, ka dafa shayi mai kauri ka shafa mana! Kowa a layin nan haka yake yi."

"Wannan ƙarya ce da katako."

"Oho. Malamin katako! Sai ka jira shekara arba'in ɗin."

Na sassaƙa guda biyu. Na ɗora su a faifan da take shanya wainar shinkafa a kan rufi, kullum ina hawa ina juya su, ita kuma tana mitar na cinye mata wuri. Jati yana duhu a rana, amma a hankali. Bayan mako uku sun yi ja, sai dai da saura. Ran nan Lastri, da ke kirana Paklik, wato baffa, ta tare ni a hanya ta ce, "Paklik, ranar Asabar za a ɗauke teburin."

Da hantsi na dafa shayin. Na shafa wa guda ɗaya sau huɗu, na goge da kakin zuma. Ya fito tamkar an haife shi tare da teburin. Abin da ya dame ni shi ne yadda na ji daɗin ganinsa.

Na kai su duka biyun. Pak Darmaji ya sa tabarau, ya ɗora su a kan teburin. Nan take ya nuna mai shayin. "Wannan ai shi ne."

Da na yi shiru, da an gama. Amma bakina ya ƙi.

"Pak, shayi ne. Ɗayan kuma rana ce kawai, bai gama nuna ba."

Lastri ta harare ni. Tsohon ya ɗauki mai shayin ya sansana, ya yi dariya har da tari.

"Shayin ma mai arha! Warsini ce ta sa ka, ko?" Ya ajiye shi, ya juya ɗayan a tafin hannunsa. "Wannan zai kamo teburin?"

"Zai kamo. Shekara biyu, ko uku, in taga tana buɗe."

"To, ina nan. Ba inda za ni."

Lastri ta yi sauri ta nuna wani baƙin tabo a gefen teburin. "Bapak, a huda nan, tunda dama ya ƙone."

"A'a. Nan uwarki ta manta dutsen guga ranar da kika fara tafiya. Bar shi."

Ya bi teburin da tafin hannu har kusurwar da ke kusa da taga, inda babu ko ƙwarzane. Ya zare fensirin da ke bayan kunnena, ya kifa murfin, ya zagaye shi da layi. Sannan ya miƙo hannu.

"Ba ni injin hudar. Kai dai riƙe mini teburin kada ya motsa."