Tiren Malam Isaka

Duk wanda ya san layin teloli na Talladjé ya san tiren Malam Isaka. Da an sallame Azahar, sai a ture keken ɗinki gefe, a baza tabarma a gindin rumfa, tire ya fito daga cikin gida yana tururi. Isaka Bagobiri ne, ya zo Yamai da almakashi ɗaya, ya ci wuya har ta ishe shi, shi ya sa ya yi rantsuwa ba wanda zai wuce ƙofarsa da yunwa. Kuma yabo na yi masa daɗi, wannan ba a ɓoye yake ba.

Matarsa Safiatou ce mai tukunyar. Ciwon sukari ya daɗe tare da ita, har ya sauko ƙafafu. Da farko ta ce kamar tururuwa ke yawo a tafinta, daga baya ta ce kamar ta sa safa mai kauri alhali ba ta sa komai ba. Lokotoro, wato likitar da ke duba ta, ta ƙara mata ƙwayar bitamin ta jijiya, ta ce a tsakiyar abincin rana za ta riƙa haɗiya, don in ciki ba komai tana tayar da zuciya. Isaka da kansa yake sayowa a farmasi. Kullum in zai fita sai ya ce, "Maman Hasiya, kar a manta da ƙwaya." Ita kuma ta ce, "To, Malam." Shi ke nan, a ganinsa ya sauke nauyi.

Wata Laraba Bashir direba ya zo da baƙi daga Dosso, ga kuma Abdulaye Bazabarme, abokin wasan Isaka, wanda ba ya fashi. Kafin a ce me, shinkafa ta ƙare, an ga ƙasan tire.

"Kai Bagobiri," in ji Abdulaye yana lasar yatsa, "wannan ɗanɗano ne ko abinci? Ubangidanka ya zo ka ba shi abincin kaza?"

"Rufe mana baki, bawan gidanmu," in ji Isaka. "Cikinka ai rijiyar Gamkalle ce. Bari ka gani."

Da ma 'yarsu Hasiya ce mai kai tire da dawo da shi, amma ranar ta tafi kasuwar Petit Marché. Sai Isaka ya ɗauka da kansa ya shiga, abin da ya manta rabon da ya yi.

Ya tarar da Safiatou tsaye gaban murhun gawayi. Ta zuba 'yar shinkafa a kwanonta, ƙwayar tana ajiye a kan murfi. Tana ganin tire a hannunsa, ta juye kwanon a ciki, ta hau kankare ƙanzo tana ƙarawa. Hannun ya saba, ko tsayawa bai yi ba. Ƙwayar kuma ta mai da ita kwalinta.

"Ke fa?"

"Zan samu wani abu in an jima."

Zai yi magana ke nan sai hancinsa ya ji ƙauri, ba na shinkafa ba. Ya duba ƙasa. Garwashi ne ya faɗo daga murhu, ga diddigenta a kai, takalmin ya zame gefe, ita kuwa tana ta kankara abinta.

"Safi! Ɗaga ƙafarki!"

Ta ɗaga, ta leƙa, ta ce, "La ila, yaushe?" kamar ƙafar maƙwabciya ce.

Ya zaunar da ita a kujera, ya jawo buta yana kwarara ruwa. Fatar ta yi fari, ta tashi. Yana ta kwararawa, ita ko gezau.

"Tun yaushe kike ba su rabonki?"

"Haba Malam."

"Na ce tun yaushe?"

"In an ce a ƙaro, daga ina kake so a ƙaro? Awon da kake kawowa ai bai san baƙi ba."

"Ƙwayar fa?"

"Ran da ya rage, ina sha. Na gwada ta da ruwa zalla, na yi amai har idona ya yi ja. Da dare kuwa koko nake sha in kwanta, na ce kar in saɓa wa lokotoro." Ta gyara ɗankwali. "Kai musu abincin kar ya huce. Kar a ce gidan Isaka an yi rowa."

Daga waje muryar Abdulaye ta taso. "Bagobiri! Ko sai an noma shinkafar?" Aka kwashe da dariya.

Isaka ya dubi tiren. Shekara da shekaru yana karɓar "Allah ya ƙara buɗi" a rumfa yana shafa gemu, ashe daga bakin matar nan ake zarewa. Ya ɗora tiren a cinyarta, ya ɓaro ƙwaya ya sa mata a tafin hannu. Bai iya kallon idonta ba.

Ya fito hannu rabbana. Ya tsaya a bakin rumfa.

"Jama'a, tukunya ta ƙare. Bashir, tada mota, za mu likita."

Abdulaye ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskar abokinsa, ya rufe.

Lokotoro ta wanke ciwon, ta naɗe. Ta ce mai sukari ba ya tsallake abinci, kuma ƙuna a irin wannan ƙafa ba abin wasa ba ce, in ta ruɓe ana iya rasa ƙafar. Ta ce ƙwayar a sha ta da kowane abinci mai nauyi, ko na dare ne, ba sai na rana ba. Isaka ya tambaya ko jin ƙafar zai dawo. Ta ce za a yi ƙoƙari kada ya ƙara gaba, abin da ya tafi kuwa ba ta yin alkawari. Ba ta zarge shi da komai ba, kuma ya fi son da ta zarge shi.

Daga ranar, sai Safiatou ta ci ta haɗiye ƙwayarta a gabansa kafin tire ya fita, kuma in ya ƙare ya ƙare. Rumfa ta rage cika. Abdulaye ne kawai bai canza ba, sai dai yanzu yakan zo da ƙullin zogale a hannu ya ce wai sadaka ce ga bayi.

Kowace safiya Isaka ke zama ya warware bandeji, ya duba tsakanin yatsu kamar mai neman tsallen ɗinki. Ran nan ya matsa babban yatsanta da ƙarfi.

"Kin ji?"

Safiatou ta saci kallon hannunsa tukuna, sannan ta ɗago.

"Na ji, Malam."

Ya ce, "Alhamdulillahi." Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da naɗi.