Ƙararrawar Gangar Hagu

Ni, Sankung Kante, na gyara ƙararrawar gangar zaɓe a Farantenda ranar da aka zaɓi kansila.

Shekara hamsin da biyu ina gyaran keke a gindin mangwaron bakin kasuwa. Ubana maƙeri ne, kakana ma haka. Su sun ƙera garma, ni na kama keke. Aji biyu na yi a makaranta aka ciro ni zuwa zuga-zugi, kuma ban yi kuka ba.

Mu a Gambiya ba ma dangwala takarda. Ɗan dutsen gilashi guda ake ba ka, ka shiga bayan labule, ka tarar da gangunan ƙarfe, kowace da hoton mai ita. Ka saka dutsen a bututun wadda ka ga dama, ya bugi ƙararrawar keke da ke ciki. Na waje su ji ƙara ɗaya, su san mutum ɗaya ya jefa ɗaya. Ba su san ta wa ba ce, don murya ɗaya ake yi wa ƙararrawar duka. Ina saurayi aka fara haka, lokacin da Bature ke naɗe kayansa. Direbobin Senegal da ke jiran jirgin fito suna mana dariya, wai ƙasa ce kamar igiyar wando, kogi da gaɓa biyu, tana zaɓe da kayan wasan yara. Su yi ta yi. Uwata ba ta san baƙi ko ɗaya ba, ba ta taɓa ɓata ƙuri'a ba. Da wannan dutsen muka taɓa sauke gwamnati.

A wannan zaɓen ganga biyu ce. Ta dama ta Landing Darbo ce, ɗan Fode Darbo ƙanin mai gari. Ta hagu ta Sira Jaite ce, ungozoma daga garin gaba, wadda ta ce za ta nemo a yi shingen ƙasa a fadama, don ruwan gishiri da ke hawowa daga teku kowace rani ya daina kashe wa mata shinkafa. Kwana uku kafin zaɓe an taru a dandali, masu gida sun yi alkawari da baki ɗaya cewa Farantenda ta Landing ce.

Da asuba aka ɗauko gangunan a amalanke zuwa makarantar firamare. Jakin amalanken ya ga kare ya zabura, gangar hagu ta faɗo. Da aka gwada, ba ta yi ƙara ba. Shugabar rumfar zaɓen, wata malamar makaranta daga Banjul mai suna Haddi Job, ta aiko a kira ni.

A gaban wakilan 'yan takara na buɗe. Murfin ƙararrawar ya tsage. Na ɗauko wani daga akwatina, tsohon murfi na tagulla da na cire daga keken wani akawun gyaɗa tun da daɗewa. Na ɗaura. Malama Haddi ta jefa dutse a dama, ta jefa a hagu, ta sake. Wakilai suka kasa kunne.

"Ɗaya ne?" ta tambaye su.

Suka ce ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne. Ta dama tana yankewa nan take. Ta hagu tana jan wutsiya kaɗan, siririya, kamar gashi. Na ji, na yi shiru, don rana ta fito kuma layi ya kai bakin rijiya. Aka kwashe duwatsun gwaji, aka rufe gangunan, aka buga hatimi.

"Baba, ka zauna nan a baranda," in ji ta, "ko za ta sake ƙi."

Aka ba ni kujera a gindin taga.

Na bakwai a layi Yero Balde ne, babban Fulanin tungar bayan gari. Uban Yero ya ƙetaro daga kudu da shanu shida, gidan Darbo suka ara masa gona. Shekara arba'in suna noma gyaɗa da gero a wurin. Fulani abokan wasanmu ne, mu maƙera, kuma ni da Yero tun muna da haƙora muke zagin juna.

"Kai, maƙeri a kan kujera?" ya ce. "Gwamnati ta ƙare. Wa ya ba bawana izinin zama ina tsaye?"

"Wanke hannunka kafin ka taɓa dutsen, Bafillace. Na bayanka ba sa son warin nono."

"Nonon da kake zuwa roƙo da ƙwarya mai huji?"

Ya shiga. Ƙararrawa ta buga. Na ji wadda ta buga.

Daga nan na gane abin da ya same ni. Kowa sai ya wuce ta gabana, ya gaishe ni, ya shiga. Na juya baya, kunne bai juya ba. Na tashi zan tafi, malamar ta roƙe ni in zauna. Mutum ɗari uku da sittin da ɗaya suka wuce, kuma ban manta ko ɗaya ba. Haka Allah ya yi kaina.

Da la'asar sakaliya aka juye gangunan a kan allo mai ramuka, a idon kowa. Ta hagu ta ba da talatin da huɗu. Washegari labari ya zo daga sauran garuruwa: Sira Jaite ta ci, da ratar ashirin da biyu.

Masu zaɓe a tungar Fulani talatin da uku ne. Babu wanda bai yi wannan lissafin ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko. Ranar nan da hantsi ana shan shayi a rumfata, wani tela ya ce ai aikin banza aka kira ni, ƙararrawar gwamnati ko yaro zai ɗaura, duk ɗaya suke.

"A kunnen tela," na ce. "Ta hagu tawa ce. Ko cikin ɗari zan fitar da ita ido rufe."

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama.

Kafin azahar maganar ta riga ni gida. Matata Nyima tana daka gyaɗar miya, ba ta ɗago ba.

"An ce ka zama kunnen gari."

Na ajiye akwatina a bakin ƙofa.

"Tawa ma ka ji?"

"Na ji."

"To ka haɗiye ta, ka bi da ruwa. Shekara saba'in da bakwai, baki kamar na sabon ango. Ka je ka ce musu cika baki ka yi. Ka ce kai kurma ne. Ni zan ba da shaida, tun da ba ka taɓa jin abin da nake faɗa ba."

"Ban taɓa ƙarya a kan ƙarfe ba."

"To Allah ya ba ƙarfen haƙuri, shi zai dafa maka tuwo."

Fode Darbo ya zo da yamma, da goro goma a ganye. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya a daji ɗaya. Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya tambayi iyali har ya kai ga awaki.

"Sankung, gidanku da gidanmu ba yau ba ne. Kakanka ya ƙera wa kakana mashi."

"Haka ne."

"An kunyata ɗana a garin ubansa. Ba na neman sunaye da yawa. Na riga na san su waye. Ka ce i kawai."

"Ɗauki goronka, Fode."

"Fulanin nan ne ko ba su ba ne?"

"Sarƙar kekenka ta yi sako-sako. Kawo gobe in ɗaure maka."

Ya bar goron a ƙasa ya tafi. Awakin Nyima suka ci.

Yero ya rasu bara, shi ya sa zan iya faɗin wannan yanzu: dama ya jefa. Su talatin da huɗun kuwa suna nan da ransu, wasunsu suna kwana a gidajen da ake jin tsoron masu su. Ba za a ji su daga gare ni ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, mai gari ya tara mutane a dandali a ƙarƙashin rimi. Tsoho ne mai sanyin hali, ya fi ƙaninsa kunya, amma gonar da aka ara wa su Yero ta gidansu ce duka. Mata sun tsaya can baya a bakin katanga, wasu da laka har gwiwa, daga fadama suke.

Fode ya miƙe ya ce aro aro ne. Wanda ya ci ƙasarka shekara arba'in ya juya maka baya a bayan labule, ya nemi ƙasa a wurin wadda ya zaɓa. Ya ce in an cire gyaɗar bana, gidan Darbo na son gonarsu.

Yero ya miƙe a kan sandarsa.

"Ranka ya daɗe, Landing na jefa wa. A kawo Alƙur'ani."

"Kowa ma zai rantse," in ji Fode.

Yero ya nuna ni. "To ga wanda ya ji. Ga shi can zaune kamar buhun gawayi. Sankung, tashi ka faɗa musu."

Duk aka juyo. Na ga matan bakin katanga sun daina motsi.

Mai gari ya ce, "Sankung, da gaske ne kana bambancewa?"

"Da gaske ne, ranka ya daɗe."

"Kuma kana tune?"

"Duka."

"To ba zan tambaye ka gari ba. Yero kaɗai. In ka ce gaskiya ya faɗa, gona ta zauna a hannunsa, ni na ce. In ka yi shiru, ba ni da abin da zan tare ƙanina da shi."

Na tashi. Gwiwata ta yi ƙara.

"Ranka ya daɗe, in na wanke Yero yau, gobe Fode zai kawo mini ɗan Yero. Jibi maƙwabcinsa. Duk wanda na wanke, da'irar ta matse. Ranar da na yi shiru a kan wani, shirun ya kama shi. Kuma in ba a tunga suke ba, ina za a nema? Gida-gida?"

Wani ya yi tari. Fode ya kalli ƙasa, ya kalli bakin katanga, ya ɗauke kai.

"Labulen nan ba Darbo ya rataya shi ba," na ce, "ba Kante ba. Na ƙasa ne. Ni na ɓata shi da murfin tagulla, kuma na rubuta wa malamar da hannuna na gaya mata a canja shi. Laifina ke nan, na ɗauka. Amma abin da ya shiga kunnena ba nawa ba ne."

"Ji maƙeri yana wa'azi," in ji Fode. "Aji biyu."

"Aji biyu. Kai da ka yi shida ka ƙirga talatin da uku ka ce talatin da huɗu."

Aka yi dariya, gajeriya. Mai gari ya ɗaga hannu.

"Yero fa?" ya ce.

"Ina da gonar ubana a kan tudu, hanyar iyaka. In an karɓe tasa, ya ɗauki tawa. Ba aro ba. Ku shaida."

Na san gonar. Kowa ya san ta. Girmanta rabin ta Yero ne, kuma jan dutse ya fi ƙasa yawa.

Yero ya tako har gabana. Ya tsufa fiye da yadda nake ganinsa a rumfa. Bai ɗaga murya ba, amma dandali ya ji.

"Tsakuwa za ka ba ni? Kabarin ubana yana gefen waccan gonar. Mangwaro tara na dasa. Jikokina goma sha ɗaya, Sankung, ka san sunayensu, kai kake gyara musu keke kana zaginsu."

"Na sani."

"Ba na son gonarka. Bakinka nake so. Kalma ɗaya. Ni na yarda, tawa ce, na ba ka izini."

"Taka ka faɗa da kanka, sun ji."

"Ba su yarda ba!"

"Wannan tsakaninka da su ne."

Ya kama hannun rigata. A cikin shekara arba'in bai taɓa kirana yaya ba, sai bawa.

"Yaya," ya ce. "Don Allah."

Na cire hannunsa a hankali na mayar masa kan sandarsa.

"Ba zan faɗa ba."