Zaren da Ya Zagaye Ƙadangare

Mai gyaran takalma ne, kuma idan ya rufe shago da yamma ba ya tsayawa hira a bakin titi. Gida yake komawa ya zana dainoso, manyan ƙadangarun nan da suka ƙare tun kafin a yi mutum, suka bar ƙasusuwa. Maƙwabta na cewa wasan yara ne. Wanda ke kashe yammacinsa wajen cin naman mutane ba shi da bakin faɗin haka.

Zanen kawai ya iya. Tun haihuwa idonsa ba ya raba ja da kore, don haka sa launi aikin matarsa ne. Teburi ɗaya suke zama, shi da fensir, ita da gwangwanin fenti, suna gardama a kan tsawon wutsiya. Tun da yara suka watse, wannan teburin ne hirarsu.

Sai ganinta ya fara dusashewa. Likita ya ce magani zai rage wa abin gudu, amma wanda ya tafi ya tafi. Fenti ya fara tsallake layi. Ran nan ta shafe idon wani dainoso mai dogon wuya ba ta sani ba, sai da ya yi shiru ta gane. Ta rufe gwangwanin ta tura masa.

"Baban Auta, nemi wani. Ɓata maka aiki nake yi."

"Wa zan nema? Ni da na taɓa sayo miki jan mayafi ina rantsuwa kore ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ta koma ɗaki, teburin ya zauna da kujera ɗaya. Shi ma bai lallashe ta ba. Lallashin baki araha gare shi, kuma ba ya mayar da mutum kan kujerarsa.

Washegari ya dawo daga shago da zaren ɗinkin takalmi da kwalbar gam. Ya zana wani mai ƙahoni uku a kan kwali, ya bi layin da gam, ya kwantar da zare a kai, tun daga baki har ƙarshen wutsiya. Da ya bushe ya kira ta.

"Maman Auta, ara mini yatsanki."

Ya ɗora yatsan a kan zaren. Ta bi shi a hankali, ta hau ƙaho, ta gangaro wuya, ta tsaya a kan cikinsa.

"Wannan tumbin naka ka zana ko nasa?"

"Nasa ne. Nawa kwalin ba zai ɗauka ba."

"To layi na ji shi. Launin fa? Idan na ɗauko shuɗi ina zaton toka ce?"

"Sai ya zama shuɗi. Wa ya gan shi da rai da zai zo ya ƙaryata ki? Ni kuwa ko kin yi kuskure ban isa in gane ba."

Ta sake bin zaren da yatsa. Can ta jawo kujera da ƙafa ta zauna.

"Warin gam ɗin nan zai kashe mutum. Buɗe taga. Kuma wutsiyar ta yi gajarta, na sha faɗa maka."

Ya buɗe tagar, ya miƙo mata gwangwanin.