Sunan da Jaji Bai Taɓa Faɗa Ba

Ranar Laraba da la'asar Nafisat ta isa gaban teburin tantancewa, bayan ta wuni a layi tun hantsi. Hajiya Khadijat, jami'ar da ke duba takardun sababbin ɗaliban tsangayar ilimi, irin matan nan ce da ba sa ɗaga kai sai sun ga kuskure. Kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ta wuce. Takardar asibiti, ta wuce. Da ta zo kan takardar shaidar ƙaramar hukuma sai ta ɗago.

"A nan Nafisat Hashimu, a nan kuma Nafisat Jaji. Uba biyu gare ki?"

Na bayanta suka yi dariya. Nafisat ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta soma bayani.

Bayanin ba wani mai tsawo ba ne ga wanda ya san mutanen. Danginsu Fulani ne da suka daɗe da zama a gefen Bunkure, ga 'yan shanu, ga noman rani. Ita ce 'yar fari, kuma a gidansu ɗan fari ba na iyayensa ba ne. Ana yaye ta aka miƙa ta ga Hashimu, wan mahaifinta Jaji, a Kura. Shi ya kai ta firamare, da hedimasta ya tambayi sunan uba ya faɗi nasa ba tare da ya ga wani abin tunani a ciki ba. Sunan ya bi ta har jarrabawar ƙarshe. Takardar ƙaramar hukuma kuwa sai da mai unguwa ya sa hannu, shi kuma ya san wanda ya yanka ragon suna.

Hajiya Khadijat ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta cika yi ba.

"Na ji. Amma malama za ki zama. Sunan nan shi zai bi ki koyarwar gwaji, shi zai shiga rajistar malamai, shi za ki sa a ƙasan sakamakon 'ya'yan mutane. Ba ma yaye malami mai suna biyu. Mahaifinki ya je kotu da kansa ya yi rantsuwa cewa mutum ɗaya ce, ki kawo min takardar. Gobe ƙarfe huɗu muke rufewa, kuma akwai masu jiran gurbinki, ba su da iyaka."

Da Hashimu na raye, da ya yi wa Jaji magana, magana ta ƙare. To, shekararsa biyu a ƙasa. Sai dai Nafisat ta tunkari mahaifinta da kanta, mutumin da take kira Baffa, wanda a shekara goma sha tara bai taɓa kiran sunanta ba. In ta zo hutu, "waccan" ce, ko "'yar gidan Hashimu". In zai ba ta abu, sai ya ajiye a kan tabarma ya tashi. Ba ƙi ba ne, kowa ya sani, kunya ce ta ɗan fari. Amma sanin haka bai taɓa hana abin yi mata ciwo ba.

Da sassafen Alhamis ta sauka daga babur a bakin kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, ta taka kunyar gona zuwa wurinsa. Gonar Jaji a can ƙarshen layi take, inda ruwa ke isowa a gajiye bayan kowa ya sha. Sau ɗaya a mako ake sakar wa ɓangarensu, kuma ranar ce yau. Dashen tumatirinsa kwana shida, ganyen duk ya langaɓe. Yana tsaye da fartanya a bakin fangalin farko, idonsa a kan busasshiyar hanyar ruwa. Hawwa, mahaifiyarta, ta kawo masa fura tana gefe.

Nafisat ta durƙusa ta gaishe su. Ta faɗi abin da ya kawo ta, tana kallon ƙasa.

Jaji bai dube ta ba. Hawwa ya yi wa magana.

"Ki gaya mata yau ruwa ne."

"Tana jin ka ai," in ji Hawwa.

"To ki gaya mata in ruwa ya zo na ba shukar, sai a ga abin da Allah zai yi."

Suka zauna jira. Ƙarfe takwas, babu ruwa. Tara, babu. Wani mai babur da ya wuce ya ce masu shinkafa na sama sun toshe hanya da buhuna, sai sun ƙoshi. Jaji ya yi tsaki. Nafisat tana duba wayarta a ɓoye cikin hijabi, tana lissafi: daga nan zuwa kotun Kura, layin kotu, sannan mota zuwa Kano, sannan cunkoson shiga gari. Duk yadda ta juya lissafin, lokacin ƙaranci yake yi. Ta tuna yadda aka tara su a babban ɗakin taro shekaranjiya ana gaya musu malami ba ya makara, malami ba ya ƙarya, malami shi ne madubin yaro. Wanda ya yi jawabin bai taɓa jiran ruwan kanal ba, wannan kam ta tabbata.

Sha ɗaya saura kwata ruwan ya ɓullo, siriri, yana turo ciyayi da leda a gabansa. Jaji ya gyara tsayuwa, ya sare bakin fangalin farko. Fangali arba'in da wani abu ne. Ko makaho ya san aikin zai kai la'asar.

Nan Nafisat ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta miƙe ta tsaya a gabansa, inda ba yadda zai yi ya kauce wa ganinta.

"Baffa, in ka jira ka gama, shi ke nan. Za a ba wani."

Hawwa ta riƙe baki. Jaji ya dubi ruwan yana shiga, ƙasa na shanye shi da ƙara. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙa wa Hawwa fartanyar.

"Kin san yadda ake yi. In ya cika ki toshe, ki buɗe na gaba. Abin da kika samu shi ne rabonmu."

Ya wanke ƙafa a kanal, ya zura takalmi. A kan hanya babur biyu suka hau, don ba zai zauna kusa da ita ba.

Sha biyu da rabi suka shiga ofishin rantsuwa. Mutum bakwai a gabansu. Magatakardan, Malam Musbahu, yana buga na'ura da yatsa biyu kamar kaza na tsince tsaba, kuma duk wanda ya shigo sai sun yi gaisuwa har kakanni. Da layi ya zo kansu ƙarfe ɗaya ta gota, yana ta duban agogo saboda azahar.

Nafisat ta shimfiɗa takardun ta yi bayani. Malam Musbahu ya gyaɗa kai, ya juya ga Jaji.

"Sunan yarinyar?"

"Nafi..." ta soma.

"Ba ke na tambaya ba. Mai rantsuwa shi ke magana. Malam, sunanta?"

Jaji ya kalli bango. Ya nuna takardun da haɓa. "Yana nan a rubuce."

"Na ga rubutu. Daga bakinka nake so. Mece ce ita a wurinka?"

Na kan benci suka daina hira. Nafisat ta ga gumi na gangarowa daga ƙarƙashin hular mahaifinta, ta ga hannunsa ya damƙe gefen riga. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, ta rasa wanne ya fi. Aka soma kiran salla a masallacin kotu.

Malam Musbahu ɗan ƙasar ne, ya gane inda gizo ke saƙar. Ya sassauta murya.

"Af, ta fari ce ko? To ga hanya mai sauƙi. Tunda duk takardun makaranta Hashimu suka ce, sai mu rubuta Hashimu ne mahaifi, kai baffa ne, mai unguwa ne ya yi kuskure. Ai ta ma kira ka Baffa ina ji. Ka ce 'e' kawai, ka dangwala yatsa, kowa ya huta."

Wallahi a wannan lokacin da an bar wa Nafisat, da ta ce a rubuta, don agogon bango ya nuna ɗaya da rabi. Ta buɗe baki, ta rufe. In ya ce e, ta samu gurbinta, amma da hatimin kotu za ta rasa uban da, da ma, rabinsa take da shi.

"A kan Alƙur'ani ake yi?" in ji Jaji.

"A kansa mana."

Jaji ya miƙe ya fita.

Nafisat ta tsaya riƙe da fayil. Malam Musbahu ya ɗaga kafaɗa ya soma naɗe hannun riga. Ta leƙa ta taga tana tsammanin ganin mahaifinta a bakin titi yana tsayar da babur. Ga shi can a gindin famfo, ya tsuguna yana alwala, a hankali, gaɓa bayan gaɓa, kamar babu mai jiransa a duniya.

Ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya ɗora hannu a kan littafin. Bai dubi kowa ba.

"Rubuta. 'Yata ce, ni na haife ta. Yayana ya riƙe ta, Allah Ya ji ƙansa, ya yi mata abin da ban yi ba." Ya haɗiyi yawu. "Sunanta Nafisatu. Ni na raɗa mata."

Ba da ƙarfi ya faɗa ba. Har ya ɗan yi tuntuɓe a tsakiyar sunan, irin na wanda bakinsa bai saba ba. Nafisat ta juya ta fuskanci bango ta toshe baki da hijabi.

Yatsa biyun Malam Musbahu suka yi gudun da ba su taɓa yi ba. Aka dangwala, aka kai wa mai hatimi kafin ya shiga sahu. Biyu saura minti biyar suka fito. Jaji bai tsaya sallama ba. Ya tare mata motar Kano da kansa, ya ce wa direban, "Ɗaliba ce, a yi sauri," ya juya ya nufi masallaci.

Motar ta tsaya ɗaukar buhunan albasa. Ta tsaya shan mai. A shigar gari wata tirela ta gitta hanya, Nafisat ta sauka ta tari adaidaita, daga ƙofar jami'a kuma ta cire kunya ta ruga da gudu. Huɗu saura minti takwas ta faɗa ofishin. Hajiya Khadijat ta riga ta rataya jaka.

Ta karɓi takardar a tsaye, ta bi ta da ido, ta haɗa da sauran, ta zaro hatimi daga aljihun tebur ta buga.

"Shi ke nan, kin shiga. Litinin za a fara darasi, ban da makara." Ta dubi fuskar Nafisat, ta ga idanun sun kumbura. "To mene ne na kuka kuma? Kin gani ai, abin da bai fi minti biyar ba."

Nafisat ta so ta gaya mata shekara goma sha tara ne. Amma Hajiya ta riga ta ɗauki mukulli.

"Haka ne, Hajiya," ta ce. "Na gode."